Muna son namun daji su dawo hurumin garinmu: ta ina za mu fara?

"Assalamu alaikum Baba. Mu matasa ne kusan ashirin a wani gari na ƙasar Yauri, jihar Kebbi. Mun saba aikin gayya, irin yasar magudanar ruwa da sharar maƙabarta da cike ramukan hanya. A bayan garinmu akwai hurumi da fadama da suka gangara har bakin ruwa. Iyayenmu suna ba mu labarin gada da mazo da gauraka a wurin, mu kuwa ko zomo sai mu yi wata ba mu gani ba. Muna son mu yi aikin sa kai don dabbobi su samu lafiyar zama a wurin. Wasunmu sun ce mu dasa itatuwa, wasu sun ce mu riƙa kama masu farauta muna kai su wurin hukuma. Kuɗi dai ba mu da su, sai ƙarfi da niyya. Ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka, kai da 'yan'uwanka. Sau biyu na karanta saƙonka, domin na daɗe ban ji matashi yana cigiyar gada da gauraka ba don ya harba ba. Na yi aikin gandun daji tun muna tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991, kuma mafi yawan shekaruna a fadamu da ƙananan gandaye na ƙare su. Da wannan idon zan amsa maka.

In na fahimce ka, ga abin da kake tambaya: mutum ashirin masu fartanya da adda, ba kuɗi ba kaki, me za su iya yi wa ƙasar da take ta kowa har dabba ta sake sakin jiki a cikinta? Kada ku fara da dashe, kada kuma ku fara da kamu. Ku fara da kwashe abubuwan da ke kisa a ɓoye, wato wayar tarko da buɗaɗɗen rami da wutar bazara da yasasshiyar raga da guba. Dabbar daji ba ta neman ka ciyar da ita. Bukatarta ta je ta sha ruwa ta koma lafiya, ta haihu ɗanta ya girma. Wannan aikin kuwa ba zai yiwu ba sai da hannun mutanen nan da wasunku ke son a kama.

Wurin na wa ne, ku kuma su wa ye?

Kafin ku sa adda a ko'ina, ku san matsayin wurin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma na da ta cewa a kanta. Amma in ka taka da ƙafarka za ka ga abin ya kasu. Akwai gandun daji na jiha mai iyaka sananniya. Akwai makiyaya, irin wadda dokar 1965 ta tsohuwar jihar Arewa ta ba da damar keɓewa, da burtali da mashaya. Akwai hurumin gari da ke ƙarƙashin hakimi. Akwai kuma gandun tarayya kamar na Tafkin Kainji, wanda shigarsa ba izini laifi ne ko da kuwa alheri ya kai ka. Naku, bisa yadda ka kwatanta, hurumi ne da fadama, kuma wannan sa'a ce, don masu iko da shi mutane ne da kuke sallah tare.

Keɓe ƙasa don amfanin jama'a ba Bature ya kawo mana ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, ya yi bayanin harimi da hima, wato wuraren da ba a yarda mutum ɗaya ya mallake su ba. Ku tuna wa limaminku wannan, huɗubar Juma'a ɗaya za ta rage muku yawon wata guda.

Ku fara da mai unguwa, ya kai ku wurin hakimi, hakimi ya sanar da uban ƙasa. Sai ku bi Sarkin Baka da Arɗo da Sarkin Ruwa da Sarkin Noma har gida, ɗaya bayan ɗaya, da goro a hannu. Kada ku manta da mata masu itace da tsintar kaɗe, don sun fi ku sanin kowace kusurwa ta wurin. Bayan nan ku rubuta takarda zuwa sashen gandun daji na ƙaramar hukuma, ku ajiye kwafi mai tambari.

Akwai maganar suna, kuma da gaske nake. Ka ce aikin sa kai. A nan ƙasar tamu, musamman ta wajen Zamfara, 'yan sa-kai suna ne mai nauyi, wanda makiyayi in ya ji yakan tuna jini. Ku kira abinku aikin gayya, sunan da kuka saba. Kada ku ɗinka kaya masu kama da kaki, kada ku riƙe bindiga ko ta toka ce, kada ku tsare kowa a daji kuna masa tambayoyi. Game da tsaro kuwa ƙa'idata ɗaya ce: inda mace ba ta zuwa itace yau, ku ma ba ku da abin yi a can. Dajin Kuyambana na ƙasar Maru, wanda ya haɗe da Kamuku ta Birnin Gwari, daji ne da ya tara namun daji a da, amma ba zan tura ɗan kowa can ba a halin da ake ciki. Ko a kusa da gari ku yi hattara da ɗaga waya kuna ɗaukar hoto, kada a ɗauke ku masu kai rahoto.

Tarkon waya

Shekarata ta biyu a aiki, jinina na tafasa, na shiga wani gandu da leburori biyu muka kwashe duk tarkon da muka gani, muka tara a ƙofar ofis, na rubuta rahoto. Ba a yi kwana goma ba tarkuna suka dawo a wuraren da ban sani ba. Kafin bazara ta fita, aka cinna wa gonar itatuwan da aka yi shekaru ana raino wuta. Wani tsohon maharbi ne ya aika aka kira ni, ya zaunar da ni a kan buzunsa ya ce, "Yaro, wayar nan da ka kwashe ba ta masu baka ba ce, mu ma ta dame mu. Da ka zo ka gaishe ni, da na nuna maka sauran." Har na bar aiki ban sake shiga daji da wata manufa ba sai na biya ta ƙofar irinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga abin da ya sa maharbin gaske yake ƙin waya. Shi yana da ƙa'ida: yana duban abin da zai harba, yana barin mai ciki da mai shayarwa, da damina yakan rataye baka ya kama fartanya. Waya ba ta da ido. Ana sare ta daga wayar burkin babur, a yi mata zarge, a ɗaure a gindin kalgo ko sabara a kan 'yar hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Duk abin da ya zura wuya ko ƙafa, iya fizgarsa iya shigarta cikin nama. Mutum ɗaya zai ɗana da yawa, ya zagaya wasu, ya manta wasu, su kuwa suna nan suna aiki shekara da shekaru.

Na taɓa iske gada a irin wannan zargen, ba ta fi taku ɗari da tabki ba. Ta turje ƙasa ta yi da'ira kewaye da gindin itacen, iya tsawon wayar, har ta share ciyawar wurin fes kamar an yi masussuka. Ta kumbura, ƙuda ya rufe ta, nononta kuwa da alamar tana shayarwa. Ke nan rai biyu aka yi asara, kuma ba wanda ya ci ko tsoka ɗaya. Ku kai wannan magana gaban malamai: dabbar da ta mutu a maƙure mushe ce, tana cikin waɗanda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Ku kai ta kuma gaban Arɗo, domin ba rugar da ba ta san maraƙi ko akuyar da waya ta gurgunta ba.

In an amince a zauren hakimi cewa an hana waya, aka yi shela, aka ba masu ita mako guda su kwashe abinsu, sai ku fita shara. Da sassafe ake yi, lokacin da raɓa ke sa waya ƙyalli. Ku jeru a layi ɗaya, taku biyar tsakanin mutum da mutum, maharbi a gaba. Kowa da doguwar sanda yana dungurin ƙasa kafin ya taka, saboda tarkon ƙarfe da ake binnewa a rufe da ganye, wanda yakan karya ƙashin ƙauri. Ku lura da inda aka jera ƙaya aka bar 'yar kafa, da reshen da aka tanƙwaro aka ɗaure. Ku yanke da filaya, ku zuba a buhu ku kawo gida a ƙirga gaban hakimi. Wayar da aka kwance aka yar a daji, gobe za a sake ɗana ta. Ku sa takalmin ruwa mai tsawo saboda kububuwa da kasa, in kuma an yi sara kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a nufi asibiti.

In kun tarar da dabba da rai, ƙarama irin gada ko zomo, a rufe mata fuska da riga don ta natsu, mutum ɗaya ya riƙe ƙafafun baya, a yanke wayar a ja da baya. Kura ko gyado kada wanda ya matsa, a kira ma'aikatan daji. Ɗan gada ko ɗan mazo da kuka gani kwance shi kaɗai cikin ciyawa kuwa ba maraya ba ne. Uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. Tausayin ɗauko shi gida shi ke kashe shi.

Ramuka

Wannan aikin ya fi kowane dacewa da ku, tunda kun saba shebur da baro. Fadama cike take da tsofaffin rijiyoyin noman rani da aka bari bayan zuwan injin ban-ruwa, ga ramukan ginar ƙasar bulo masu miƙaƙƙen baki. Da rani ƙishi ke kai dabba bakinsu, ta leƙa, gefen ya zabtare. Na sha ciro bushiya da kunkuru da dila daga irinsu, na kuma ga wanda ɗan makiyayi ya faɗa. Wanda ba a amfani da shi a cike shi. Wanda ke riƙe ruwa har bazara kada ku cike, shi ne mashayar da ta rage. Ku sassabe gefe ɗaya ya zama gangare mai sauƙi, yadda abin da ya shiga zai iya fita da ƙafarsa. In rijiya ce da ake sha, a ɗaga bakinta a yi mata murfi. In kwalbati ne ko kwamin siminti mai santsi, a jingina kututture mai kaushi a ciki daga ƙasa zuwa baki. Abu ne na minti goma, amma yakan fid da rayuka da yawa.

Ramukan haƙar zinari kuwa, waɗanda ku ma a ƙasar Yauri ba ku rasa su ba, ku yi musu shingen ƙaya daga nesa, ku sanar da hukuma, kada ku shiga, kada ku tone turɓayarsu. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinari da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara. Kafin a gane abin da ke faruwa da yaran, agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Tun daga lokacin, in na ga tsuntsaye ko kifi suna mutuwa a wuri ɗaya, ba dabbobin kaɗai nake ji wa tsoro ba.

Wuta

Ba kowace wuta ce ɓarna ba, kuma ƙungiyar da ta ce za ta hana ƙunar daji kwata-kwata ta ɗauko abin da ba za ta iya ba. Lokaci shi ne magana. Wutar da aka sa da an gama girbi, wajen Nuwamba, ciyawa da sauran danshi, da yamma iska ta kwanta, tafiya take a hankali, tana barin tsibirai na gamba da dabba za ta fake, raɓar dare ta kashe ta. Wutar Fabrairu zuwa Afrilu kuwa, ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ita ce mai cinye komai. Takan kashe 'yan itatuwan da suka yi shekara biyu suna fama, ta gasa kunkuru da bushiya da hawainiya da ba su da gudu, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya kwashe. Mafi yawanta daga yara masu farautar gafiya take tashi, sai masu cin zuma da bakin wuta, sai mai sassabe da wutarsa ta ƙwace masa.

Aikinku shi ne share wa wuta iyaka tun kafin ta zo. Da an kai amfanin gona gida, ku yi gayya ku share zirin ƙasa mai faɗin taku shida zuwa goma, ku kwashe ciyawar kakaf, ku fara ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Kada ku ce za ku kewaye hurumin duka a shekarar farko. Ku zaɓi inda ya fi daraja, kurmin bakin ruwa da wurin da ƙananan itatuwa suka yi yawa. Hanya da rafi da burtali su ma iyaka ce da kuka samu kyauta, sai ku haɗa zirinku da su. Ciyawar da kuka yanka ku bar wa makiyaya da masu zana, ta nan za su ga amfanin abin. In wuta ta tashi, ba a tarar ta gaba da gaba. Ta gefe ake bugunta da ɗanyen reshen dogon yaro, kana tsaye a inda ya riga ya ƙone. In ta fi ƙarfinku ku bar ta, itace zai sake tohowa.

Bakin ruwa, da maganar guba

Ku mutanen ruwa ne, don haka rabin namun dajinku a ruwa suke ko a bakinsa. Tsibiran Foge da ke cikin Tafkin Kainji an sa su a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma cikin tsuntsayen ruwan da kuke gani da hunturu akwai waɗanda daga Turai suka ƙetaro sahara suka zo. Babban abin da ke cin su a ɓoye shi ne ragar roba da ta yage aka yar. Zaren ragar zamanin da ruɓewa yake, na roba kuwa ba ya ruɓewa. Yana nan a cikin ciyawar ruwa yana kama kififiya da guza da zalɓe da kirinjijiya. Lokacin janyewar ruwa ku bi gaɓa da kwalekwale da ƙugiya, tare da yaran Sarkin Ruwa, ku tattaro ta da mamarin da aka bari da leda. Sai maganar gidan sauro da ake jan kifi da shi, wanda ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai farce ba. Wannan bakin Sarkin Ruwa ne zai hana, ba naku ba.

In wani ya ce muku Bahaushe ba ya iya barin ruwa ya huta, ku nuna masa Argungu. Matan Fada, wato gulbin da ake bikin kamun kifi a ciki, a rufe take ga masunta tsawon shekara sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa da al'ada ke tsaron ta. Shi ya sa ake fid da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, har UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016. Ku roƙi a keɓe muku gurbi ɗaya kawai a yi masa haka. Can ne ayu zai samu sakewa in akwai sauransa a ruwanku. Dabba ce mai haihuwar ɗa ɗaya bayan cikin kusan shekara, ta kuma daɗe tana raino, shi ya sa kashe uwa ɗaya giɓi ne mai wuyar cikewa. Tun 2013 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Guba ita ce abin da ya fi ci mini rai. Ana zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa don kifi ya taso, ya kashe na ci da na bari. Ana wanke famfon feshi a tabkin da shanu da tsuntsaye ke sha. Ana barbaɗa wa mushe magani don kura ko karnuka, sai ungulu su sauka su mutu a tare. Ka tambayi mahautan garinku yaushe rabonsu da ganin ungulu a mayanka. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun da ke dab da ƙarewa, kuma ban da guba akwai masu sayen kanta da ƙwanta don tsibbu. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. In ta tafi, mushen da take share mana cikin sa'o'i sai ya kwana yana wari, karnuka su yawaita a kansa.

Abin da za ku iya: duk mushen da ake zargin an sa masa magani, a haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa a binne, da safar hannu ko leda. In dabba ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe, kada a ja ta, a kira malamin dabbobi. Kwalaben maganin feshi a ɗauraye su cikin famfon, a huda su don kada a zuba mai ko nono. In jirgi ya yi feshin tsuntsayen jan-baki a fadamun shinkafa, washegari ku fita ku tattara matattun ku binne kafin shaho da muzuru da yaran gari su riga ku. Dogayen itatuwan da ungulu ko shamuwa ke sheƙa a kai kuwa, a sa hakimi ya yi musu shela da sunansu.

Dorina da giwa

Nan ba wurin jarumta ba ne. Kun fi ni sanin abin da ya faru a Yauri a 2024, da dorina ta kashe mutum, aka bi ta aka kashe. Da dare take fitowa kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum, za ka ga ta kwarɓe gaɓa kamar an ja turmi. In aka noma shinkafa a kan wannan hanyar, an gayyato faɗa. Ku bi gaɓa da masunta ku gano mafitarta, ku kafa alama, ku roƙi Sarkin Noma a bar mata zirin ciyawa a nan, a kuma daina aika yara wanka kusa. Giwaye ma suna ratsowa. A 2018 sun sauka wajen Zariya Kala-Kala a ƙaramar hukumar Koko/Besse, gwamnatin jiha ta hana a taɓa su. In irin haka ta same ku, aikinku shi ne ku mayar da 'yan kallo baya, ku hana jifa da ihu, ku bar musu hanyar fita, ku sanar da hukuma, ku kuma taya manomin da aka yi wa ɓarna rubuta kokensa. Wanda giwa ta cinye wa gona aka bar shi da hamma, ba zai sake sauraron wa'azin kowa a kan dabba ba.

To, dashen fa?

Ku yi, amma a baya. Na ga dashe da yawa na ranar biki, a ɗauki hoto a watse, kafin Maris awaki sun gama da shi. Hanyar da ta fi arha ita ce wadda maƙwabtanmu na Maraɗi suka kama tun shekarun 1980, suna kiranta sassaben zamani. Kututturen da ke tohowa duk shekara, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Sai ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, ka kare su daga wuta. Ba ban-ruwa, ba sayen iri. Ku fifita masu 'ya'ya, irin kanya da ɗinya da magarya da aduwa da ɓaure da ɗorawa, don su ke ciyar da tsuntsu da biri da gada. Itacen turare yana da saurin tashi, amma ba abin da dabba za ta ci a ƙarƙashinsa.

Iyakar abin da gayya za ta iya

Ba zan ruɗe ka ba, ɗana. Ba za ku dawo da zaki ko ɓauna ba, don suna son daji mai faɗin da babu shi yanzu a kusa da ku. Manyan motocin gawayi da ke cinye ƙirya da marke, da masu saran madobiya, da rabon gandun daji a mayar gonaki, duk sun fi ƙarfin adda ashirin. Waɗannan sai takarda da murya ɗaya daga gari zuwa ga hukuma. Kuma mai ɗana waya sau da yawa ba mugu ba ne, tukunyarsa ce babu nama. In kuka hana shi ba tare da an sama masa wata kafa ba, ko kiwon zabi ko amya ko aikin kwana a shirye-shiryen gwamnati irin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, da na Babbar Ganuwar Itatuwa na dashe don tare hamada, waɗanda Kebbi ke ciki, zai koma da dare. Ni ma abin da na faɗa maka na fadama da ƙaramin gandu ne. Sha'anin ciwon dabba na likitan dabbobi ne, na tsaro kuma na masu shi.

Abin da zai dawo da wuri shi ne ƙananan: fakara da zabon daji da zomo, sai gada in akwai saura a kurmin maƙwabta. Don ku san ko aikin na ci, ku sayi littafi ɗaya mai kauri. Ku zaɓi wuri uku a bakin mashaya inda akwai yashi ko laka, ku share da manjagara da magariba, ku dawo da asuba ku karanta sawun da aka bari. Ku rubuta kwanan wata da wuri da abin da ya taka, sau ɗaya a mako, rani da damina. A shafin baya ku riƙa rubuta wayar da aka ciro da ramin da aka gyara.

Wannan satin dai ku je gaisuwa kawai, gidan mai unguwa da na Sarkin Baka. In kun share yashin nan kuka ga sawun da ba ku gane ba, ku kai tsohon ya duba tukuna, sannan ka rubuto mini abin da ya ce.